Tarihin Jama'ar LGBTQ a Gwagwarmayar Kare Muhalli

Asalin wannan harka, wadda ta haɗa masu neman jinsi ɗaya da masu sauya jinsi da batun kare muhalli, yana komawa ne ga Amurka ta shekarun 1970, zamanin da wasu daga cikinsu, bayan sun gaji da tsangwamar birane, suka yi ƙaura zuwa karkara, suka sayi filaye da kuɗin haɗin gwiwa, suna noma da gina bukkoki da hannunsu. A 1975 wasu mata suka kafa amanar fili a jihar Oregon, sa'an nan a 1979 Harry Hay da abokansa suka kira taron farko na ƙungiyar Radical Faeries a hamadar Arizona. Daga baya malaman jami'a suka ba al'amarin sifar ilimi, musamman Greta Gaard da maƙalarta ta 1997, da littafin da Catriona Mortimer-Sandilands da Bruce Erickson suka tattara a 2010.

Amma abin da ya mai da shi mas'alar adalci, haƙiƙa, bala'o'i ne. Lokacin da igiyar teku ta afka wa gaɓar Tamil Nadu a Indiya a 2004, masu sauya jinsin da ake kira Aravani, waɗanda a lokacin rajistar hukuma ba ta san su a maza ko a mata ba, da yawansu ba su sami matsuguni ko diyya ba, domin ana rabon agaji ne bisa katin abinci na iyali, su kuwa galibinsu danginsu sun daɗe da korarsu. Haka nan a Fiji, bayan guguwar Winston ta 2016 wadda ta hallaka mutum 44, rahoton da Oxfam da abokan aikinta suka fitar a 2018 ya bayyana cewa an riƙa ɗora wa jama'ar LGBTQ alhakin musibar, ana cewa azabar zunubinsu ce, har wasunsu suka ƙaurace wa wuraren fakewa.

Daga nan buƙatarsu ta tashi daga neman keɓewa zuwa neman a ƙidaya su. A 2018 wakilansu daga Asiya da tsibiran Pasifik suka zauna da hukumomin agaji a Bangkok, hujjarsu kuwa ita ce, tun da sauyin yanayi yana ƙara yawan ambaliya da tsananin guguwa, wajibi ne a gyara takardar rajista, da ma'anar iyali wajen rabo, da tsarin makewayi a sansanoni tun ruwa bai iso ba.