Tuban John Newton: daren guguwa da shekara arba'in da suka biyo baya

Ran nan ina cikin darasin cinikin bayi, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, a cikin masu jiragen nan babu wanda ya taɓa yin nadama?" Na ce akwai, na ba su labarin John Newton. Ga shi, ƴan'uwana malamai da iyaye.

An haife shi a Landan a 1725. Tun yana yaro ya shiga aikin jirgin ruwa, har ya faɗa harkar bayi a gaɓar Saliyo. A watan Maris na 1748, yana hanyar komawa Ingila, guguwa ta kusa nutsar da jirginsu. Cikin wannan firgici ya roƙi Allah jinƙai, jirgin kuwa ya kai gaɓar Ailan da ƙyar. Har ƙarshen ransa yana tunawa da ranar a matsayin mafarin tubansa.

Galibin masu ba da labarin a nan suke tsayawa, amma da sauran magana. Newton ya bar saɓo da caca, ya kama karatun Littafi Mai Tsarki, sai dai bai bar sayen mutane ba. Daga 1750 zuwa 1754 sau uku yana jagorantar jirgin bayi: addu'a a sama, ƴaƴan Afirka cikin mari a ƙasa. Rashin lafiya ce ma ta raba shi da teku, ba lamiri ba.

A 1764 ya zama limamin coci a garin Olney, inda ya rubuta waƙar Amazing Grace, wadda aka buga a 1779. Jigonta shi ne abin da Kiristoci ke kira alheri, wato gafarar da Allah ke yi wa mai zunubi kyauta, ba don cancantarsa ba. Duk da haka sai a 1788, shekara 40 bayan guguwar, ya fito da ɗan littafi yana bayyana azabar da ya gani da wadda ya sa hannu a ciki, yana amsa cewa furucin nasa ya makara. Ya mara wa William Wilberforce baya a majalisa, aka haramta cinikin a dokar Birtaniya a Maris na 1807. A Disamba na shekarar ya rasu.

Ɗalibar ta sake tambaya: "To waɗanda ya sayar fa?" Aji ya yi tsit. Tubansa bai maido da ko ɗaya gida ba, kuma bai kamata mu ɓoye wa yara wannan ba.

Abin da na ɗauka shi ne, hawayen dare ɗaya ƙofa ce kawai. Idan yaro ya ce ya tuba, kada mu yanke masa ƙauna don ya sake zamewa, kada kuma mu sallame shi kafin ya kalli wanda ya cuta ya faɗi laifinsa da bakinsa.