Makomar Cocin da Suka Rasa Masu Ibada a Jamus

Ginin coci ba ya daina cin kuɗi don mutane sun daina shigarsa. Rufi na yoyo, hasumiya na tsagewa, ga kuɗin ɗumama ɗaki a lokacin hunturu. A Jamus akwai alaƙa ta kai tsaye tsakanin yawan mabiya da aljihun coci, domin gwamnati ce ke karɓar harajin coci a madadin cocin: kashi 9 cikin 100 na harajin kuɗin shigar mutum, ko kashi 8 a jihohin Bavaria da Baden-Württemberg. Wanda ya je ofishin hukuma ya soke rajistarsa, ya huta da biya. A 2022 kaɗai Katolika sama da 500,000 suka yi hakan, kuma yanzu mabiyan manyan ɗariƙu biyu, Katolika da Furotesta, ba su kai rabin al'ummar ƙasar ba.

Rushewa na da wuya, saboda da yawa daga cikin gine-ginen suna ƙarƙashin dokar kare kayan tarihi. Sai a koma neman wani amfanin. Dokar Cocin Katolika, a sashe na 1222, ta ba bishop ikon janye gini daga ibada ya sake shi ga hidimar duniya, muddin ba ta ƙazanta ba ce. Inda gizo ke saƙa shi ne fassara wannan sharaɗi.

Wata mafita da ta samu karɓuwa ita ce mayar da coci makwancin tokar mamata. A birnin Aachen, tun 2006 cocin St. Josef ke wannan aiki. An jera ginshiƙai masu ƙananan gurabe a inda kujerun masu ibada suke a da, iyalai na biyan kuɗin gurbi na wasu shekaru, su ajiye tukunyar tokar ɗan'uwansu. Dabarar ta yi nasara ne saboda ta haɗa abu biyu da ba kasafai ake samu tare ba: ginin na ciyar da kansa, kuma bai rabu da addu'a ba. Sai dai gari ɗaya ba ya buƙatar irinsa da yawa.

Wani misali daga birnin Hamburg ya fi ban sha'awa. Cocin Kapernaum da ke unguwar Horn, ginin 1961, an rufe shi a 2002, aka sayar wa wani ɗan kasuwa, ya zauna fanko shekara da shekaru. A 2012 jama'ar masallacin Al-Nour, waɗanda ke sallah a wani garejin ƙarƙashin ƙasa, suka saye shi, aka buɗe shi masallaci a 2018. Ba a taɓa fasalin wajensa sosai ba. A ƙololuwar hasumiya dai sunan Allah da haruffan Larabci ya maye gurbin gicciye. Abin lura shi ne cinikin ya yiwu ne saboda ginin ya riga ya bar hannun coci. Ƙa'idojin manyan ɗariƙun biyu ba sa goyon bayan sayar da coci kai tsaye ga wani addini.

A ganina akwai tufka da warwara a nan. Ginin da aka tsara don taron masu addu'a, mai dogon rufi da faɗin zaure, ya fi dacewa da wata ibadar fiye da zama gidan abinci ko gidajen haya, waɗanda sai an yanka shi hawa-hawa. Amma shugabannin coci na tsoron yadda mabiyansu za su karanta lamarin, wato a ce wani addini ya ci wani da yaƙi, kuma masu siyasar ƙyamar baƙi na jiran irin wannan hoto. Tsoron ba na banza ba ne: dab da buɗe masallacin na Horn, wasu sun yi rubuce-rubucen ɓatanci a bangonsa.