Ƙauna da Iyaka: Nazari a Kan Fim Ɗin Grizzly Man na Werner Herzog

Gabatarwa

A ranar 6 ga Oktoba, 2003, wani matuƙin ƙaramin jirgin sama mai suna Willy Fulton ya sauka a gaɓar Kaflia, cikin gandun dajin Katmai na jihar Alaska a Amurka, domin ya ɗauko mutum biyu da suka yi zango a can. Bai tarar da su da rai ba. Timothy Treadwell mai shekara 46 da budurwarsa Amie Huguenard mai shekara 37, dabbar beyar ta kashe su kwana ɗaya kafin nan. Shekara goma sha uku a jere, da zarar ƙanƙara ta narke, Treadwell kan je ya kafa tanti a tsakiyar waɗannan dabbobi, waɗanda babban namiji a cikinsu kan haura kilo 400. Ya bar hotunan bidiyo na sama da awa ɗari, kuma daga cikinsu ne Bajamushen darakta Werner Herzog ya haɗa fim ɗin gaskiya mai suna Grizzly Man a shekarar 2005.

Wannan maƙala na ganin cewa jigon fim ɗin shi ne iyaka. Treadwell ya ƙetare iyakar da ke tsakanin mutum da dabba da sunan ƙauna, Herzog kuwa ya tsaya a bakin iyakar da ke tsakanin mai kallo da mamaci, kuma a wannan tsayawa darajar fim ɗin take.

Mutumin da ya gudu daga mutane

An haifi Treadwell a 1957 a Long Island ta jihar New York da sunan Timothy Dexter. Ya tafi Kalifoniya neman shiga harkar fim, bai dace ba. Ya sauya suna, ya riƙa gaya wa mutane cewa shi maraya ne daga Ostiraliya, sannan giya da ƙwaya suka kusa halaka shi. Da bakinsa yake faɗa a gaban kyamara cewa dabbobin nan ne suka raba shi da kwalba. Ba daidai ba ne a raina wannan magana. Mutum ne da ya rasa wurin zama a cikin jama'a, ya samu abin da zai rayu dominsa. Ya kafa ƙungiyar Grizzly People tare da Jewel Palovak, yana zagaya makarantu yana koya wa yara labarin beyar ba tare da ya karɓi ko sisi ba.

Sai dai mai kallo zai lura cewa kyamarar Treadwell ta fi kallon Treadwell. Yakan maimaita magana ɗaya sau da dama, yana sauya ɗankwalin da ya ɗaura a ka, har sai ta yi masa yadda yake so. Ya raɗa wa dabbobin sunaye irin su Mr. Chocolate da Rowdy, yana yi musu magana da muryar rarrashin jariri, yana miƙa yatsa ya taɓa hancinsu. Rannan wata yanyawa ta sure masa hula ta ruga, ya bi ta yana faɗa kamar uban da ɗansa ya yi masa ɓarna. Dajin ya zame masa gida, kuma ya raba wa namun dajin matsayin dangin da ya rasa.

Sabo da illarsa

Treadwell ya ɗauki kansa mai gadin dabbobin daga mafarauta. Amma Katmai wuri ne da doka ta riga ta hana farauta, kuma masanin dabbobi Larry Van Daele ya bayyana a fim ɗin cewa farautar sata ba ta zama babbar matsala a yankin ba. Hatsarin da ya fi kusa da dabbobin shi ne wanda mai gadin ya kawo da kansa, wato sabo. Beyar da ta daina shakkar mutum za ta kusanci kowane mutum, har da mai bindiga. An kuwa ga ƙarshen abin: bayan mutuwarsa ma'aikata suka harbe beyar biyu, ɗaya tsohon namiji ne mai shekara 28 da aka sani da lamba 141, wanda aka samu sassan jikin mutum a cikinsa. Kafin wannan rana ba a taɓa samun beyar ta kashe mutum a tarihin gandun ba.

Maganar da ta fi nauyi a fim ɗin ta fito ne daga bakin Sven Haakanson, wanda a lokacin shi ne shugaban gidan tarihin al'ummar Alutiiq a Kodiak. Ya ce mutanensa sun yi zaman shekara dubu bakwai da beyar, kowa na kauce wa kowa, kuma abin da Treadwell ya yi na son zama beyar raini ne ga dabbar. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba. Mai wasa da kura yana ciyar da ita, yana kwana kusa da ita, amma ba ya fitowa da ita kasuwa sai da takunkumi da sarƙa, domin ya san sabo turken wawa ne. Treadwell ya ƙi riƙe feshin barkonon da ake korar beyar da shi, ya ƙi kewaye tantinsa da wayar lantarki. A shekararsa ta ƙarshe har sun kai filin jirgi za su koma gida, sai ya samu saɓani da ma'aikacin kamfanin jirgi, ya juya daji a lokacin da dabbobin da suka san shi suka fara shiga ramukan barcin hunturu, baƙi masu yunwa suka cika wurin.

Fuska ɗaya, fassara biyu

Herzog bai ɓoye saɓaninsa da Treadwell ba. A daidai inda Treadwell ke jimamin ɗan dabbar da ya tarar an kashe, muryar Herzog na cewa shi ruɗani da gaba da kisa yake gani a tushen duniya. Da ya dubi fuskar beyar, ya ce bai ga zumunci ko tausayi ba, sai idon dabbar da abinci kawai ya dame ta.

A nan ya kamata mai nazari ya yi hattara. Ko da yake Herzog ya fi kusa da gaskiya, shi ma ya ɗora wa dabba fassarar zuciyarsa. Gaba da kisa kalmomi ne na shari'ar 'yan Adam. Beyar da ta ci mutum a Oktoba tana tara kitsen da za ta yi hunturu da shi ne, ba ta da ƙiyayya kamar yadda ba ta da alkawari. A cikin mutanen uku, matsayin Haakanson ya fi inganci, domin shi kaɗai ne bai nemi dabbar ta tabbatar masa da ra'ayinsa ba.

Kaset ɗin da ba a kunna ba

Lokacin harin kyamarar na kunne, amma murfinta na rufe, don haka sauti kawai ta naɗa na kimanin minti shida. Herzog ya saurare shi a gaban Jewel Palovak. Mu masu kallo bayansa kawai muke gani, da na'urar sauraro a kunnensa, sai fuskar Palovak tana karanta abin da ke fuskarsa. Can ya ce ta kashe, ya roƙe ta kada ta taɓa sauraron kaset ɗin. Ko daƙiƙa ɗaya bai sa a fim ba.

Wannan kara ta fi amfanar Amie Huguenard. Da ƙyar ake ganinta a hotunan, domin Treadwell na son a ɗauka shi kaɗai yake, kuma danginta sun ƙi shiga fim ɗin. Mun san tana tsoron beyar. Sauran abin da muka sani ya fito ne daga Franc Fallico, jami'in da ya binciki gawarwakin: Treadwell na yi mata ihu ta gudu, ta tsaya tana dukan dabbar da kaskon suya. Da an kunna kaset ɗin, da kururuwarta ce kawai duniya za ta san ta da ita. Da aka rufe shi, abin da ya rage mana shi ne jarumtarta.

Kammalawa

Treadwell ya cancanci tausayi, kuma ƙaunarsa ta gaskiya ce. Amma ƙaunar da ba ta san iyaka ba ta ci ransa, ta ci na matar da ta ƙi barinsa, ta ci na dabbobi biyu daga cikin waɗanda ya rantse zai kare. Grizzly Man ya nuna cewa girmama abu wani lokaci na nufin a tsaya nesa da shi, ko dabba ce a daji ko gawa a gaban kyamara. A wannan zamani da ake zaro waya a wurin haɗarin mota kafin a miƙa hannun taimako, ya kamata masu shirya fim da masu riƙe da waya su koyi wannan ladabi daga Herzog: mamaci na da haƙƙin sutura, kuma ba duk abin da kyamara ta naɗa ne ya halatta a nuna ba.