Manomin Jado da littafi bai ambata ba

Duk littafin da ya taɓo tarihin Kawar, sunayen manya za ka tarar a ciki: Mai Dunama Dibalemi na Kanem da ikonsa ya kai Fezzan a ƙarni na 13, ko hafsoshin Faransa da suka kama Bilma a 1906. Amma wanda ya dasa dabinon da ayari ke lodawa fa? Shi ba ya cikin lissafi. Kakan mahaifiyata ɗaya ne daga cikin irin waɗannan. Babarbare ne mutumin Jado, manomin dabino, mai saran itace. Abin da ya rage mana nasa abu uku ne: takardar gado da wani malami ya rubuta da harufan Larabci, rasit ɗin lanho na zamanin Nasara, da abin da kakata ta riƙe a ka.

Ga wanda bai san wurin ba, Jado tana can ƙuryar arewa maso gabashin jihar Agadas, cikin gundumar Bilma, a kan tsohuwar hanyar da ta haɗa Borno da Fezzan. Tsohon garin, wanda aka gina da laka mai gishiri a kan dutse, yanzu kufai ne. Hare-hare da sauron tafkunan da ke gindinsa suka kori mutane, da yawa suka koma Shirfa, ƴan kilomitoci daga nan. Dabinon dai bai tashi ba, kuma har gobe masu shi na komawa lokacin girbi.

Na fara da rasit, don shi ne ke da hatimi. Abin mamaki, shi ne mafi ƙarancin bayani. Magatakarda ya rubuta sunan yadda kunnensa ya jiyo masa, da ƙa'idar rubutun Faransanci, kamar dai yadda Jado ta zama Djado, Shirfa ta zama Chirfa. Sai da na karanta shi da ƙarfi a gaban kakata kafin ta ce, "Ai Baba ne!" Ban da suna da kuɗin da ya biya, babu komi. A wajen kumandan, mutum kai ne da ake ƙirgawa.

Takardar gadon ita ce ta buɗe mini rayuwarsa. Ba ta maganar fili ko kaɗan, bishiyoyi take ƙirgawa, don a can dabino shi ne dukiya, kowace bishiya da mai ita, wata ma magada biyu ko uku ke raba abin da ta haifa. Malamin ya bambanta waɗanda marigayin ya gada da waɗanda ya dasa da hannunsa, kuma na biyun sun fi yawa. Ku tsaya ku duba abin da wannan ke nufi. Dabino ana cire ɗan da ya tsiro a gindin uwa ne a dasa, a jira shekaru kafin ya fara haihuwa. Kowace shekara kuma sai an hau an yi masa barbara, wato a ɗauko furen namiji a sa cikin na mace. Wanda ya dasa fiye da abin da ya gada, to jikokin da bai gani ba ya yi wa aiki.

Can ƙasan takardar akwai gatari, an sa shi cikin kayan gado tare da tukwane. Kakata ce ta cike giɓin. Ta ce in bishiya ta tsufa ta daina haihuwa, shi ake kira ya kayar da ita, ya tsaga gangar jikinta a yi rufin ɗaki da ƙofa, ganyen kuma mata su saƙa tabarma. A ƙasar da itace ya yi tsada haka, ba a barin kowa ya ɗora gatari a kan dabino, sai wanda aka yarda da idonsa.

Shekarunsa kuwa, ita ba ta ƙirga da lamba. Ta ce yana yaro Nasara suka zo Bilma, da furfurarsa aka daina aikin dole, ya ga ƴancin kai, bai ga babban fari ba. Da na jera su sai suka zauna daram: 1906, 1946, 1960, sannan 1973.

Tun da zinariya ta ɓulla a Jado a 2014, dubban matasa suka kwarara can, har sunan garin ya koma nufin rami da injin neman arziki. Masu sanin wace bishiya ce ta wa kuma suna ta ƙarewa. Kakata na zancen mahaifinta da Barbarci, ni kuwa Hausa na tashi da ita a Damagaram, don haka akwai kalmomin aikin dabino da sai ta yi mini kwatance da hannu. Ƴan'uwa ɗalibai, in kun je hutu, ku roƙi a buɗe muku tsohuwar adakar gida, ku ɗauki hoton kowace takarda, ku kunna rikoda ta waya ku zauna da tsohuwa. Gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa da cibiyar IRSH suna nan Yamai, za su jira ku. Tsohuwa ce ba ta da lokacin jira.