Interrobang: Alamar da Ta Rasa Gurbi

A shekarar 1962 ne Martin K. Speckter, mai kamfanin tallace-tallace a birnin New York na Amurka, ya kawo shawara a mujallar TYPEtalks cewa a ɗora alamar motsin rai a kan alamar tambaya su zama guda (‽). Sunan da ya bi ta shi ne interrobang. Aikinta rufe tambayar da ba amsa ake nema da ita ba, irin wadda uwa ke jefa wa ɗanta idan ya shigo gida tsakar dare: "Sai yanzu‽"

Da farko kasuwarta ta buɗe. A 1966 kamfanin American Type Founders ya sa ta cikin salon haruffan Americana da Richard Isbell ya zana, a 1968 kuma Remington Rand ya ba ta maɓalli a wasu tafiretocinsa. Daga nan ta soma dusashewa. Yau tana cikin kundin Unicode, amma da wuya ka ci karo da ita a jarida.

An saba ɗora wa na'ura laifin, wai don allon kwamfuta bai ba ta maɓalli ba. A ganina hujjar ba ta da ƙwari. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ, ɗ da ƙ, sun sha irin wannan wariya, duk da haka ba su mutu ba, domin wanda ya zubar da ƙugiya ya haɗa ƙafa da kafa, ya bar mai karatu da canki-canka. Interrobang kuwa ta tarar da aikinta a hannun wasu: marubuci ya jera ?! kowa ya gane.

Akwai ma abin da ta rage. Alamomi biyu a jere suna ba da zaɓin wadda za ta gabata, kuma masu sharhin wasan dara na ces sun mori wannan: !? na nufin motsi mai ban sha'awa, ?! kuma motsin da ake shakkar ingancinsa. Idan aka narkar da su wuri guda, bambancin ya tafi. Ga shi kuma a ƙananan haruffan littafi ƙugiyar alamar tambaya da sandar alamar motsin rai kan cakuɗe, har mai karatu ya ɗauka tawada ce ta malale.