Ko Ta Ƙofa Ko Ta Taga: Yadda France Télécom Ya Rage Ma'aikata 22,000 a Kan Idon Gwamnati

Ranar 15 ga Satumba, 2009, ministan ƙwadago na Faransa, Xavier Darcos, ya kira shugaban kamfanin sadarwa na France Télécom, Didier Lombard, ya zo ofishinsa a birnin Paris ya yi bayani. Kwana huɗu kafin ranar, wata ma'aikaciyar kamfanin 'yar shekara 32 ta hallaka kanta a wurin aiki. A lissafin ƙungiyoyin ƙwadago, ita ce ta 23 cikin ma'aikatan da suka yi haka tun farkon 2008. Da aka tashi daga ganawar, Lombard ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce wajibi ne a kawo ƙarshen wannan "yayi" na kashe kai. Kashegari ya nemi afuwa, ya ce suɓutar baki ce, amma magana zarar bunu ce. Daga wannan rana 'yan siyasar Faransa suka shiga maganar gadan-gadan, alhali shirin da ya haifar da wannan masifa ya fi shekara uku ana aiwatar da shi, kuma gwamnatin da ta kira Lombard ita ce ta fi kowa yawan hannun jari a kamfanin.

Asalin France Télécom sashe ne na ma'aikatar gidan waya da tarho. A farkon 1991 aka raba shi da gidan waya ya tsaya da ƙafarsa, a 1997 aka fara sayar da hannun jarinsa a kasuwa, sannan a watan Satumban 2004 kason gwamnati ya sauka ƙasa da rabi. Sai dai an sayar da kamfanin ba a taɓa matsayin mutanen da ke cikinsa ba. Akasarinsu an ɗauke su ne a matsayin ma'aikatan gwamnati, sun ci jarrabawar shiga aiki tun suna samari, kuma doka ta hana a sallame su don kawai kasuwa ta canza. Su ne suka shimfiɗa wayar tarho har ƙauyukan Faransa a shekarun 1970, lokacin da ƙasar ke bayan maƙwabtanta ta fuskar sadarwa. Mutum ya yi shekara talatin yana hawa falwaya, aikin ya zama sunansa a unguwa.

Bashi ne ya fara jijjiga gidan. A shekarar 2000, lokacin da kamfanonin sadarwa ke rige-rigen saye-saye, France Télécom ya sayi kamfanin wayar salula na Orange daga Birtaniya da tsada mai yawa. Zuwa 2002 bashin da ake bin sa ya doshi Yuro biliyan 70. Aka kawo Thierry Breton ya yi gyara, ya tsuke bakin aljihu, sai kuma a Fabrairun 2005 aka naɗa shi ministan kuɗi, Lombard ya gaje shi. Wato ministan da ke kula da hannun jarin gwamnati a kamfanin a shekarun da aka tsara rage ma'aikata shi ne mutumin da ya tashi daga kujerar shugabancinsa. Ba wanda zai ce gwamnati baƙuwa ce a harkar.

A watan Fabrairun 2006 aka bayyana adadin ƙarara: cikin shirin da aka raɗa wa suna NExT, mutum 22,000 za su bar kamfanin kafin ƙarshen 2008, wasu 10,000 kuma za a canza musu aiki ko gari. Masu barin kamfanin kusan mutum ɗaya ke nan cikin kowane biyar. Har zuwa lokacin akwai wata hanya mai sauƙi da ake bi: tun 1996 ana barin ma'aikaci ya ajiye aiki yana da shekara 55, ana biyansa kashi 70 cikin 100 na albashinsa har ya kai shekarun fansho. Wannan tsari ya ƙare a ƙarshen 2006, ba a sabunta shi ba. To ga tambayar da ta kamata kowane ɗan majalisa ya yi a ranar da aka faɗi adadin: ta yaya za a fitar da mutum 22,000 da doka ta hana a kore su, an kuma rufe ƙofar ritayar wuri? Lissafin bai da wuya. Lombard da kansa ya ba da amsa ranar 20 ga Oktoban 2006, a taron manyan jami'an kamfanin a Paris, inda ya ce a 2007 sai an samu masu tafiya ko ta wane hali, "ko ta taga ko ta ƙofa."

Abin da ya biyo baya kora da hali ne, amma wanda aka tsara daga sama aka sa masa lissafi. Aka raba wa manajoji adadin mutanen da ake son su rage, aka ɗaura wani ɓangare na alawus ɗinsu a kan cika adadin. Injiniyan da ya ƙware a gyaran layi sai a wayi gari an kai shi ɗakin amsa kiran masu hulɗa da kamfani, a sa masa abin ji a kunne, a ce ya sayar da kaya, ana ƙidaya masa mintuna. Mai iyali a wani gari sai a ce an rufe ofishinsa, aikinsa ya koma wani gari mai nisa. Wani kuma a bar shi zaune ba aikin yi wata da watanni. Wasu sun ba da shaida cewa an yi ƙaura da ofis ba a ajiye musu ko kujera ba. Saƙonnin tallan guraben aiki a wasu wurare suna ta shigo musu, manaja kuma yana yawan tambayar yaushe za su tafi. An ma ƙirƙiro ƙa'idar cewa manyan jami'ai su riƙa canza wurin aiki duk bayan shekara uku. A wuraren horar da manajoji har an koya musu matakan da mai makoki ke bi kafin ya haƙura, domin su gane lokacin da ma'aikaci ya karaya. Wannan ɓangaren ya fi komai tayar mini da hankali, domin yana nuna an san za a ji ciwo, an kuma shirya yin amfani da ciwon.

Ba a rasa masu gargaɗi ba. Tun 2004 wata sanata ta jam'iyyar Kwaminis, Marie-Claude Beaudeau, ta tayar da maganar halin da ma'aikatan France Télécom ke ciki, ba a saurare ta ba. Likitocin kamfanin sun rubuta rahotanni, wasunsu ma sun ajiye aiki da suka ga ba a kula su. A 2007 ƙungiyoyin ƙwadago biyu, SUD da CFE-CGC, waɗanda ba kasafai ra'ayinsu ke zuwa ɗaya ba, suka haɗu suka kafa cibiyar sa ido kan matsin lamba da canjin wurin aiki na dole, kuma su ne suka fara ƙidaya mamatan. A daidai waɗannan shekaru kamfanin yana ƙara wa masu hannun jari riba: Yuro 1.20 a kan kowane hannun jari a 2006, 1.30 a 2007, 1.40 a 2008. Gwamnati, mai kusan kashi 27 cikin 100 na hannun jarin a 2008 da wakilai a hukumar gudanarwar kamfanin, tana karɓar rabonta kowace shekara. A wannan tsakani ne kuma kamfanin ke faɗaɗa kasuwarsa a Afirka; mutanen Yamai da Maraɗi da Damagaram za su tuna cewa a 2008 layin Orange ya fara aiki a Nijar.

A watan Yulin 2009 wani ƙwararren ma'aikaci a birnin Marseille ya bar wasiƙa kafin ya kashe kansa, ya rubuta ƙarara cewa aikinsa ne kaɗai dalili, ya kuma kira salon shugabancin kamfanin mulki da tsoratarwa. Wasiƙar ta shiga jaridu. Daga nan abin ya daina zama maganar cikin gida.

Kakar 2009 ta zo da hayaniyar siyasa. Ranar 28 ga Satumba wani ma'aikaci ɗan shekara 51, wanda ba a daɗe da mayar da shi ɗakin amsa kira kusa da Annecy ba, shi ma ya hallaka kansa. Lombard ya je wurin, ma'aikata suka yi masa ihu, ya sanar da soke ƙa'idar canjin wuri duk shekara uku. 'Yan adawa na jam'iyyar Gurguzu da na Kwaminis suka ce ya sauka. Kwamitin Majalisar Dattawa mai kula da jin daɗin jama'a ya gayyace shi ya amsa tambayoyi. Amma ministar tattalin arziki, Christine Lagarde, ta gana da shi ta fito ta ce gwamnati na da cikakkiyar amincewa da shi. Wanda aka sadaukar shi ne mataimakinsa, Louis-Pierre Wenès, wanda ya sauka ranar 5 ga Oktoba. Aka maye gurbinsa da Stéphane Richard, wanda 'yan watanni kafin nan shi ne shugaban ma'aikatan ofishin Lagarde. A watan Maris na 2010 Richard ya karɓi ragamar gudanar da kamfanin, Lombard kuwa ya ci gaba da zama shugaban hukumar gudanarwa har farkon 2011.

Akwai wani ɗan labari da ke nuna iyakar ƙarfin zuciyar gwamnatin shugaban ƙasa Nicolas Sarkozy a wannan batu. Darcos ya umurci duk kamfanin da ke da ma'aikata sama da 1,000 ya zauna da ƙungiyoyin ƙwadago kan matsin lamba a wurin aiki, ya ce zai fallasa masu jan ƙafa. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 ma'aikatarsa ta wallafa jerin sunaye a intanet kashi uku: kore ga waɗanda suka yi, ruwan goro ga waɗanda suka fara, ja ga waɗanda ba su motsa ba. Kamfanoni suka yi ca. Kashegari aka sauke jerin ja da na ruwan goro, aka bar na yabo kaɗai. Majalisar Dattawa ta kafa kwamitin bincike kan ƙuncin wurin aiki, ya fitar da rahoto a Yulin 2010, mai ɗauke da shawarwari masu kyau. Zuwa lokacin, mutum 22,000 ɗin sun riga sun tafi, kuma mamatan 2008 da 2009 sun kai 35. Ihu ne bayan hari.

Waɗanda suka riƙe maganar har ta kai wani wuri ba ministoci ba ne. Ƙungiyar SUD ta shigar da ƙara a Disamban 2009. Wata jami'ar binciken ƙwadago, Sylvie Catala, ta bi takardun kamfanin ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa wa mai gabatar da ƙara rahoto a Fabrairun 2010, tana cewa abin da ya faru ya samo asali ne daga shawarar da aka yanke a sama. Su kansu ma'aikatan sun yi magana: da aka raba takardun tambayoyi ga mutum kusan 102,000, kimanin 80,000 suka amsa, kuma kashi 39 cikin 100 ne kawai suka ce har yanzu suna alfahari da kamfanin. Alƙalan bincike suka karɓi batun a Afrilun 2010. Shekara guda bayan haka, a Afrilun 2011, wani ma'aikaci ɗan shekara 57 ya hallaka kansa a harabar wani ofishin kamfanin kusa da Bordeaux. Shi ma ya taɓa rubuta wa shugabanni wasiƙar gargaɗi.

Sai a ranar 6 ga Mayun 2019 aka fara shari'a, bayan kamfanin ya koma amsa sunan Orange tun 2013. Kotu ta duba batun mutum 39: 19 sun kashe kansu, 12 sun yi yunƙuri, 8 sun faɗa matsananciyar damuwa ko sun kasa ci gaba da aiki. Lombard ya tsaya a kan cewa ya ceto kamfani ne daga durƙushewa a lokacin da intanet ke cinye kasuwar tsohon tarho da kuma gasa ta yi tsanani. Akwai ƙamshin gaskiya a batun canjin kasuwa. Akwai kuma masana ƙididdiga da suka ce idan aka auna da yawan ma'aikatan, adadin mamatan bai zarce na sauran jama'ar ƙasar ba. Amma kotu ba ta zauna don auna gawarwaki ba, ba ta kuma ce rage ma'aikata laifi ne ba. Abin da ta duba shi ne hanyar da aka bi: shin an ɓata wa mutane yanayin aiki da gangan don su gudu da ƙafarsu?

Ranar 20 ga Disamban 2019 kotun ta ce an yi haka a 2007 da 2008. Ta yanke wa Lombard da Wenès da shugaban sashen ma'aikata, Olivier Barberot, ɗaurin shekara ɗaya, wata takwas daga ciki na jeka-ka-gyara-halinka, da tarar Yuro 15,000 kowannensu. Kamfanin aka ci shi tarar Yuro 75,000, iyakar abin da doka ta tanada ke nan, ga kamfanin da ke cinikin sama da Yuro biliyan 40 a shekara. Orange bai ɗaukaka ƙara ba, ya kuma kafa kwamitin biyan diyya. A Satumban 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da laifin Lombard da Wenès, amma ta mayar da ɗaurin gaba ɗaya na jeka-ka-gyara-halinka. Ranar 21 ga Janairun 2025 Kotun Ƙolin Faransa ta rufe maganar, ta tabbatar cewa ana iya hukunta shugaban kamfani saboda manufar muzguna wa ma'aikata ko da bai taɓa haɗuwa da waɗanda manufar ta cuta ba.

Hukuncin ƙarami ne idan aka kwatanta shi da hawayen iyalan, amma ya kafa hujjar da ma'aikata za su riƙa dogara da ita. Abin da bai taɓo ba shi ne rawar gwamnati. Ta san adadin tun 2006, tana da wakilai a teburin da ake duba shirin, ta karɓi riba shekara bayan shekara, kuma ba ta ɗaga murya ba sai da jaridu suka fara ƙidaya gawa. A ganina alhakinta bai gaza na manajojin da suka aiwatar ba. Shugabannin kamfani bakwai ne suka tsaya gaban kotu a 2019, babu minista ko ɗaya a cikinsu, kuma har yau gwamnatin Faransa ce ta fi kowa hannun jari a Orange.