Danna jiki irin na mutanen Sin: gurabe biyu da ya kamata matafiyi ya sani

Duk wanda ya taɓa shiga doguwar mota daga Agege ko Sabon Ibadan zuwa Kano ya san yadda tashin zuciya ke galabaitar da mutum, musamman mata da yara. Ni ma ina cikin masu fama da shi. Wannan ne ya sa na bibiyi wata dabara ta mutanen Sin, wato danna wasu gurabe a jiki da yatsa, ba tare da allura ba.

Tushenta tsohon likitancinsu ne. Littafinsu Huangdi Neijing, wanda ya haura shekara 2,000, ya yi bayanin wani ƙarfi da suke kira "ci" mai bin hanyoyi a jiki, in ya toshe sai ciwo ya taso. Gaskiya likitocin zamani ba su ga waɗannan hanyoyi ba. Amma wasu gurabe an gwada su, kuma wanda ya fi samun goyon bayan bincike shi ne Neiguan, na tashin zuciya.

Ga yadda ake nemo shi. Ka juya tafin hannunka sama, ka jera yatsu uku na ɗaya hannun daga layin wuyan hannu. Inda suka ƙare, tsakanin jijiyoyi biyu masu tauri, nan ne. Ka danna da babban yatsa minti biyu zuwa uku, kana ɗan murzawa, sannan ka koma ɗaya hannun. Ni dai tun kafin mota ta tashi nake farawa, don in amai ya riga ya taso da wuya ya tare shi.

Na biyu shi ne Hegu, tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuni, na ciwon kai. Mai ciki kada ta taɓa shi, masu wannan sana'a da kansu suka hana. (Su ma fa suna ƙaho kamar wanzamanmu, sai dai galibi da kofin gilas da wuta, ba tsaga. Shi ne tabon da aka gani a kafaɗar Michael Phelps a gasar Olamfik ta 2016.)

Inda nake jan kunne shi ne ciwon kai. In ya kwana biyu bai sauka ba, ko ya zo da jiri, ko gani ya dushe, ko gefen jiki ya yi nauyi, a bar danna hannu a tafi asibiti a auna jini. Mai shan maganin hawan jini kuma kada ya ajiye shi saboda wannan.